Tambayoyi da amsoshi kan ƙaramin gurbin zinare: yadda yake samuwa, yadda ake bincikensa, da dalilin da ake barinsa

Kowace ƙasa mai hukumar binciken duwatsu tana da rajistar wuraren da aka taɓa ganin zinare. Lardin British Columbia na Kanada kaɗai yana da dubban wuraren ma'adinai a rubuce. In ka je yawancinsu, ba abin da za ka tarar sai tsirin farin dutse a gefen tudu da ramuka biyu-uku da ciyawa ta cinye. Sauran labarin yana ofis, a cikin fayil mai ɗauke da rahotannin mutanen da suka zo da zumuɗi suka koma jiki a sanyaye. Tambayoyin da ke ƙasa a kan irin waɗannan wurare ne.

Me ake nufi da gurbin zinare, kuma me ya raba shi da mahaƙa?

Gurbi shi ne duk wurin da aka tabbatar akwai zinare fiye da yadda aka saba gani a dutse, ko da a samfuri guda ne. Ba a san tsawonsa ba, ba a san zurfinsa ba, an dai ga alama. In aka yi ramuka aka huda ƙasa har aka fara gane siffarsa, ya zama wurin da ake sa rai. In hudar ta yi yawa har ana iya cewa tan kaza ne mai giram kaza, ya zama taska da aka ƙiyasta. Ba ya zama mahaƙa sai an nuna cewa in an fasa dutsen an niƙa an tace, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Tsakanin matakin farko da na ƙarshe akwai tafiya. Majalisar Zinare ta Duniya ta ce cikin wuraren da ake bincika, waɗanda ke zama mahaƙa mai aiki ba su kai ɗaya cikin dubu ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Zinare nawa ne a cikin dutse?

A kusan kowane dutse akwai shi, amma ɗan mitsitsi ne: miligiram ɗaya zuwa huɗu a tan guda. Kafin a yi maganar haƙa, sai wani abu ya tara shi ya ninka wannan adadi sau ɗaruruwa ko sau dubu.

Ana auna arzikin dutse da giram a tan. Tan guda na dutse curi ne da kowane gefensa ya ɗan wuce santimita 70. Giram guda na zinare kuwa, in aka dunƙule shi, bai kai milimita huɗu a kowane gefe ba. Ka ɗauki wannan ɗan ƙwayar ka niƙe ta ka barbaɗa a cikin wancan curin, ka samu dutse mai giram ɗaya a tan. Akwai manyan mahaƙu na buɗaɗɗen rami da ke cin riba da irin wannan, saboda suna kwasar miliyoyin tan a shekara. Mahaƙar ƙarƙashin ƙasa mai bin siririyar jijiya tana bukatar ninkin haka sau da yawa. Shi ya sa dutsen da ake arziki da shi, sau tari ko da gilashin ƙara girma ba ka ganin komai a jikinsa.

Ta yaya zinaren ya shiga cikin dutse tun farko?

Ruwa ne ya kai shi. Ba ruwan sama ba, ruwan da ke can ƙasa.

Yawancin ƙananan gurabun da ke cikin jijiyar farin dutse sun samu ne lokacin da manyan sassan ɓawon ƙasa suka yi karo, duwatsu suka naɗe suka yi tsaunuka. Tsohuwar laka da tsohon dutsen aman wuta da aka danna ƙasa mai nisa sukan dahu saboda zafi da nauyi, har su saki ruwan da ke ɗaure a cikin ma'adinansu. Wannan ruwa yana da zafin digiri 250 zuwa 400 a ma'aunin Salshiyas, yana ɗauke da iskar kabon da sinadarin farar wuta. Zinare da ba ya narkewa a ruwan yau da kullum, in ya haɗu da farar wuta a irin wannan zafi sai ya bi ruwa, kaɗan-kaɗan.

Ruwan ba ya da hanyar hawa sai ta tsagar ƙasa. Yakan taru a ƙarƙashi, matsi ya yi ta ƙaruwa, har ranar da tsagar ta motsa aka yi girgizar ƙasa. Nan take hanya ta buɗe, ruwa ya yi sama, matsi ya faɗi. Faɗuwar matsin nan ita ke sa abin da ruwan ya ɗauko ya zube: farin dutsen nan mai tauri da masana ke kira kwaz ya cika tsagar, zinare ya maƙale a ciki. Sai hanyar ta toshe, matsi ya sake taruwa, a sake wata girgizar. Masanin duwatsu Richard Sibson da abokan aikinsa ne suka yi fice da wannan bayani a 1988. In ka duba jijiya da kyau za ka ga shaidarsa: layi-layi ne na fari da baƙi a jere, kowane layi buɗewa guda ne da rufewa guda.

Akwai hanya ta biyu. In ruwan ya ratsa dutse mai ƙarfe da yawa, farar wutar takan rabu da zinaren ta kama ƙarfen, su zama ma'adinin nan mai ƙyalli da ake kira fairait. Zinaren da aka saki sai ya zauna a cikinsa ko a gefensa. Don haka wani lokaci arzikin ba ya cikin farar jijiyar da kowa ke kallo, yana cikin dutsen da ke gefenta wanda launinsa ya sauya. Mutanen da yawa sun kwashe farin sun zubar da mai kuɗin.

Irin wannan aiki ya faru a zamani daban-daban. Na yankin Abitibi a Kanada da na Kalgoorlie a Ostireliya sun haura shekara biliyan biyu da rabi. Na duwatsun Birimiyan da suka ratsa Ghana da Mali da Burkina Faso sun kai kimanin biliyan biyu da miliyan ɗari.

To me ya sa wani wuri ya tara da yawa, wani kuma ya tsaya a ɗan kaɗan?

Tsarin ɗaya ne, yawan ruwan da ya bi ta wurin ne ya bambanta. Babbar taska tana bukatar babbar hanya da ta daɗe tana buɗewa tana rufewa, da kuma tarko mai kyau: inda tsaga ta lanƙwasa, ko inda biyu suka haɗu, ko inda dutse mai gautsi ke kwance a tsakiyar mai laushi. Ƙaramin gurbi sau da yawa reshe ne na can gefe da ruwa ya bi sau kaɗan ya toshe. Wani kuma dā babba ne, zaizayar miliyoyin shekaru ta cinye samansa, gindin kawai aka bar mana.

Ko a cikin jijiya guda ba ko'ina ke da zinare ba. Yakan taru a wasu sassa masu kama da harshe da ke nutsewa a karkace, tsakaninsu kuwa farin dutse ne zalla. Mai rami a kan harshen ya yi sa'a, maƙwabcinsa da ke mita ashirin a kan jijiyar nan tasu ɗaya ya tashi a tutar babu.

Na tsinci dutse mai ƙyalli ruwan ɗorawa. Zinare ne?

Da wuya. Ka sa bakin wuƙa ka danna. Zinare laushi gare shi, zai lotsa ko ya yanku kamar dalma. Fairait ya fi wuƙar tauri, in ka buga shi da guduma rugujewa yake yi ya zama gari mai duhu. In kuma abin ɓare-ɓare ne marar nauyi da ke yawo a ruwa, yana ƙyalli ta gefe guda in ka juya ya dushe, ma'adinin maika ne. Zinare launinsa ɗaya ne a rana da inuwa, ga nauyi: ya fi ruwa sau 19, ya fi farin dutse sau bakwai.

Amma kada ka jefar da fairait ɗin don haushi. Abokin tafiyar zinare ne, kuma masu bincike na murna da ganinsa.

In an wanke yashin rafi an samu zinare, jijiyar tana kusa ke nan?

Tana sama da wurin, amma kusa ko nesa wata magana ce. Ƙwayar zinaren kan ba da labari. Mai kaifin gefe da har yanzu farin dutse ke manne da ita ba ta yi nisa da gida ba. Wadda ta yi sumul ta baje kamar an daka ta, ta sha tafiya. Masu bin sawu sukan yi ta wanke kwano suna hawa rafin, suna ƙirga ƙwayoyi a kowane zango. Inda ƙwayoyin suka ɗauke gaba ɗaya, an wuce mafarin, sai a dawo baya a hau gangaren dama ko na hagu.

Sai dai rafi matattara ne. Yana iya tattaro zinare daga dubban siraran jijiyoyi da ba wadda ta isa a haƙa, ya tara shi a lungu guda. A 1868 wani mutum mai suna Robert Gilchrist, wanda ya dawo daga filayen zinaren Ostireliya, ya samu zinare a ƙoramun Kildonan da ke arewacin Sikotlan. Kafin tsakiyar 1869 mutum wajen 600 sun cika kwarin, suna biyan mai ƙasar, Duke na Sutherland, fam ɗaya a wata da kashi goma cikin ɗari na abin da suka samu. Ƙarshen Disambar shekarar ya rufe wurin. Daga lokacin zuwa yau an sha neman uwar jijiyar da za a kafa mahaƙa a kanta, ba a kafa ba.

Yaya ake binciken irin wannan wuri a yau?

Ana farawa da abu mai araha, a ƙare da mai tsada, kuma a kowane mataki ana neman dalilin tsayawa.

Aikin farko a kan tebur ake yinsa: tsofaffin taswirori, rahotannin waɗanda suka riga ka, hotunan tauraron ɗan'adam. Sai tafiyar ƙasa da guduma da kamfas, a zana kowane dutse da ya leƙo, a auna inda jijiya ta dosa da yadda ta karkata. Daga nan a ɗebi lakar ƙoramu, inda aka ga alama a ja layuka a ɗebi ƙasa a kowane mita 25 ko 50. Ba zinare kaɗai ake dubawa ba. Sinadaran asenik da antimoni, da ke tafiya tare da zinare, sukan bazu fiye da shi, su ne hayaƙin da ke nuna inda wutar take. Ana kuma yawo da na'urar auna maganaɗisu don gano tsagogin da ƙasa ta rufe, da wata mai tura lantarki cikin ƙasa don gano inda fairait ya yi yawa. Babu na'urar da ke hango zinare a zurfi kai-tsaye. Duk wanda ya zo maka da akwati mai eriya ya ce zai nuna maka zinare a mita hamsin, riƙe aljihunka.

In alamu sun haɗu a wuri guda, sai a yanka dogon rami a gicciye har a taɓa dutse, a sassaƙi samfuri mita-mita a jere. Bayan wannan ne ake kawo injin huda.

Shi injin yana da baki mai ƙwayoyin lu'ulu'u, yana yanko dutse kamar sanda, kaurinta santimita biyar ko shida. Ana jera sandunan a akwatuna bisa zurfinsu. A rumfar da ake duba su, za ka ga masanin ya fesa wa sandar ruwa don launi ya fito, ya sunkuya da ɗan gilashinsa, yana bi santimita-santimita: nan dutse kore ne, nan ya fara fari-fari, nan ga ɗigon fairait, nan jijiya ta shigo a mita 83 ta fita a 84 da rabi. Sai ya ja layi da alli a tsawon sandar, a tsaga ta biyu da zarto. Rabi ya tafi ɗakin gwaji, rabi ya zauna a akwati don duk mai shakka ya zo ya sake gwadawa. A cikin buhunan da ake aikawa akan saka wasu na gwajin masu gwajin: wani dutse ne da aka san babu komai a ciki, wani kuma an san adadinsa daidai. In sakamakon waɗannan ya kauce, an san akwai matsala.

A ɗakin gwajin me ake yi?

Tsohuwar sana'a ce da ta girmi injuna. A niƙe dutsen ya zama hoda, a ɗebi giram 30 ko 50, a gauraya da sinadarin dalma da masu taimaka wa narkewa, a sa a wutar da ta haura digiri dubu. Dalma ta narke ta nutse, ta kwashi zinare da azurfa ta taru a gindin kasko. A ɗauki wannan curin a ɗora a wani ɗan kasko mai tsotsewa a mayar wuta, ya shanye dalmar, a bar ɗan ɗigo. In dutsen mai giram ɗaya a tan ne, kuma giram 30 aka ɗiba, zinaren da ke cikin ɗigon nan miligiram 0.03 ne kacal. Narkar da shi ake yi a ruwan asid, na'ura ta karanta.

Me ya sa samfuri biyu daga dutse ɗaya ke ba da sakamako mabambanta?

Nan ne ƙananan jijiyoyi suka fi yaudarar mutane. Ƙwayar zinare mai faɗin milimita ɗaya nauyinta kusan miligiram goma ne. In ta faɗa cikin giram 30 ɗin da aka ɗiba, takarda za ta nuna sama da giram 300 a tan. In ta zauna a ragowar hodar, takarda ta nuna kusan sifili. Dutse ɗaya, ɗakin gwaji ɗaya, ba wanda ya yi ƙarya.

Maganinsa ƙara yawan abin da ake gwadawa: a tankaɗe kilo guda a auna manyan ƙwayoyi daban, ko a fasa tan ɗaruruwa a tace gaba ɗaya. Don haka in ka ga sanarwa mai cewa an samu giram 150 a tan, tambayar farko ita ce wane irin samfuri ne. In tsintar hannu ce, wato mutum ya zaɓi dutsen da ya fi burge shi, abin da ta nuna kawai shi ne akwai zinare a wurin. Ba ta faɗi komai game da yawansa ba.

Akwai kuma dabarar faɗi. Jijiya mai kaurin mita ɗaya, in injin ya ratsa ta a karkace da digiri 30, za ta fito mita biyu a sanda. In ya bi ta kusan a kwance da digiri 10, ta kusa mita shida. Rahoton kirki yakan faɗi ainihin kaurin.

Me ya sa tarihin waɗannan wurare yake zuwa a gutsure, a yi aiki a bari, a dawo bayan shekaru talatin?

Dutsen bai sauya ba, farashi da kayan aiki ne ke sauyawa. In ka jera shekarun da aka yi aiki a ƙananan gurabu na ƙasashe daban-daban, za ka ga kusan tare suke farkawa, tare suke barci.

A 1887 aka ƙirƙiro tace zinare da sinadarin sayanayid a birnin Glasgow, dutsen da dā ake zubarwa ya zama abin nema. A 1934 Amurka ta ɗaga farashin oza, wato giram 31.1 na zinare, daga dala 20.67 zuwa 35 ana tsakiyar karayar tattalin arziki, marasa aiki suka koma tsofaffin ramuka. Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe ma'aikata da injuna, har a 1942 gwamnatin Amurka ta ba da umarnin rufe mahaƙun zinare. Bayan yaƙi farashi ya tsaya cak a dala 35 alhali komai na tsada, aka yi shekaru ba mai waiwayar ƙananan wurare. A 1971 aka raba dala da zinare, a Janairun 1980 oza ta taɓa dala 850, aka sake dawowa da injunan huda. A 1999 ta faɗo kusan 250, kowa ya naɗe tabarmarsa. A 2011 ta kai wajen 1,900.

Saboda haka in fayil ya nuna an daina aiki a 1942 ko 1998, ba lallai zinare ne ya ƙare ba. In kuwa an daina a 1980 ko 2011, lokacin da kuɗi ke neman inda za su shiga, to a yi hattara.

Akwai wurin da za a bi tarihinsa daga farko a gani?

Cononish, kusa da ƙauyen Tyndrum a tsaunukan Sikotlan. Jijiyar farin dutse ce mai tsayuwa kusan a miƙe, ta ratsa tsofaffin duwatsun da ake kira Dalradiyan, kusa da wata babbar tsagar ƙasa, shekarunta kimanin miliyan 400. Tun ƙarni na 18 ake haƙar dalma a yankin, har a jikin tsaunin da jijiyar take, amma masu dalma ba su san da zinaren ba don ido ba ya ganinsa.

A 1984 masu binciken kamfanin Ennex na ƙasar Ailan suka gano ta, bayan bin sawun alamun da ke ƙorama da duwatsun da suka gangaro. Aka huda, wajen 1990 aka yanka rami a kwance mai tsawon kimanin kilomita guda a cikin tsaunin. A tsakiyar shekarun 1990 aka samu izinin haƙa, sai farashi ya karye, aka kulle ƙofa. A 2002 yankin ya shiga cikin gandun shaƙatawa na ƙasa, sharuɗɗa suka ƙaru. Kamfanin Scotgold ya karɓi wurin a 2007, hukumar gandun ta ƙi ba shi izini a 2010, ta amince da gyararren tsari a 2011. Abin da aka ƙiyasta za a iya haƙa ya kai tan 555,000 mai giram 11 a tan, wato oza kusan 198,000. An zuba zinaren farko na cikakken aiki a ƙarshen Nuwamban 2020, shekara 36 bayan ganowa. A 2023 wani sashen jijiyar bai ba da abin da aka sa rai ba, kuɗi suka yanke, kafin ƙarshen shekarar kamfanin ya durƙushe.

Ka lura, wannan yana cikin 'yan ƙalilan da suka kai ga zama mahaƙa, kuma giram 11 a tan ba ƙaramin arziki ba ne.

Tsofaffin rahotanni abin dogaro ne?

A karanta su da girmamawa da kuma zargi. Mutanen dā sun fi mu tafiyar ƙasa, kuma in sun ce ga jijiya a wuri kaza, galibi tana nan. Lambobinsu ne abin dubawa. Wani rahoton an rubuta shi ne don a sayar da wurin. Wani ya ba da arzikin dutsen da aka tsince da hannu aka aika, ba na jijiyar duka ba. Ga rikicin ma'auni: oza ɗaya a ƙaramin tan na Amurka daidai take da giram 34.3 a tan na yau, wanda bai lura ba sai ya yi kuskure babba. Ramukan huda na dā kuma sau da yawa ba a san takamaiman inda suke ba, an zana su ne daga wata bishiya da ta daɗe da faɗuwa.

Sababbin ma ba su tsira ba. A shekarun 1990 kamfanin Bre-X na Kanada ya ce ya gano oza miliyan 70 a Busang, cikin dajin Borneo na Indonesiya, darajar hannun jarinsa ta kai biliyoyin dala. A Maris 1997 wani kamfani da ke shirin shiga harkar ya huda nasa ramukan a gefen nasu, bai samu abin kirki ba. Ashe barbaɗa zinare ake yi a cikin samfuran, har da na rafi, wanda siffar ƙwayoyinsa ta tona asiri. Kuma ba sa ajiye rabin sanda, duka suke niƙewa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan wannan ne Kanada ta kafa dokar NI 43-101 a 2001, wadda ta wajabta wa kamfani samun ƙwararren da zai sa hannu ya ɗauki alhakin duk adadin da aka sanar. Ostireliya tana da nata tsarin, JORC, tun 1989.

Yaya ake lissafin abin da ke cikin ƙaramar jijiya?

A ɗauki misali. Jijiya ce mai tsawon mita 200, an bi ta zuwa zurfin mita 100, kaurinta mita ɗaya. Curi 20,000 ke nan masu mita ɗaya a kowane gefe. Kowane ɗaya yana da nauyin kusan tan 2.7, jimla tan 54,000. In giram biyar ne a tan, akwai kilo 270, kusan oza 8,700.

A kunne kuɗi ne masu yawa. To amma ba a iya yanka rami mai faɗin mita ɗaya a shiga da inji, sai an fasa aƙalla biyu, rabin abin da aka fitar dutsen banza ne, arziki ya koma giram biyu da rabi. Wani sashe dole a bar shi ya tokare rufi. Injin tacewa ba ya kama duka. Sannan hanya da wuta da famfon zuƙe ruwa da madatsar tarkace da gyaran wuri bayan an tashi, duk a wuyan tan 54,000 ɗin nan. Wurin da zai ciyar da mutum goma masu diga na shekaru, bai isa ya biya kuɗin injin niƙa na kamfani ba. Mafita ɗaya da aka saba gani ita ce in akwai masana'antar tacewa a kusa da za a kai mata dutsen a mota.

Gaskiya ne saman ya fi ƙasa arziki?

Sau da yawa haka ake gani, musamman a ƙasashe masu zafi da ruwan sama. Iska da ruwa sukan ruɓar da fairait ya zama tsatsa, zinaren da ke ɗaure a ciki ya sami 'yanci, sauran ma'adinai su wanke su tafi, shi ya zauna. Dutsen ya yi laushi ya yi ja, ga sauƙin fasawa, ga sauƙin wankewa. Da an kai matakin ruwan ƙasa sai komai ya juya: dutse ya yi tauri, rami ya fara cika da ruwa, zinaren kuma ya koma cikin fairait ko ɗan'uwansa mai asenik, inda kwano ba ya kama shi. Shi ya sa tsofaffin ramukan yanki guda kan tsaya a kusan zurfi ɗaya. Masu su sukan ce zinare ya gudu, alhali kayan aikinsu ne suka kai iyaka.

Akwai haɗari a irin waɗannan wurare?

Ƙwarai. Tsohon rami na iya rasa iskar shaƙa ba tare da wani wari ba, katakon da ya tokare shi ya ruɓe, bakinsa kuma ciyawa ta rufe. Ƙurar farin dutse tana lalata huhu a hankali. Zaibar da ake kama zinare da ita guba ce, musamman hayaƙinta in ana ƙonawa, abin da ya sa ƙasashe suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Minamata a 2013. Ita kanta jijiyar tana iya zuwa da gubarta: a 2010 yara aƙalla 400 suka mutu a jihar Zamfara ta Najeriya saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje. Gwajin da zai nuna akwai dalma ko asenik a dutse bai kai kuɗin ramin huda ɗaya ba.

In kamfanoni sun huda sun tafi, an gama da wurin ke nan?

Galibi e. Amma a duba me suka huda, da wane tunani, zuwa wane zurfi. Ramuka shida masu mita 60 da aka nufi jijiya ɗaya da su ba su ce komai game da abin da ke mita 300 ba, ko abin da ke cikin dutsen gefe da ba a aika gwaji ba.

A Hemlo, arewa da tafkin Superior a Kanada, an san da ɗan zinare tun da daɗewa, an huda a ƙarshen shekarun 1940, wasu sun sake gwadawa daga baya sun bari. Babbar hanyar mota da ta ratsa Kanada ta bi ta gefen wurin. Kowa farar jijiya yake nema, zinaren Hemlo kuwa a barbaɗe yake cikin wani dutse mai shafi-shafi da ba ya ɗaukar ido. A 1981 wani ƙaramin kamfani mai suna Corona, da masanin duwatsunsa David Bell, suka yi ta hudawa har rami na 76 ya faɗa kan uwar taskar. Mahaƙu uku suka tashi a wurin, an fitar da sama da oza miliyan 20.

Labarin Hemlo kowane mai tallar hannun jari ya haddace shi, zai kuma karanta maka. A Kildonan kuwa har yanzu masu yawon buɗe ido na zuwa da kwanonsu lokacin bazara, su yini a sunkuye cikin ruwan sanyi, su koma da 'yan ƙwayoyi a ƙaramar kwalba.